Gwajin jini ga masu shan magungunan opiyod: abin da yake nunawa da abin da ba ya iya nunawa

A yawancin asibitocin kula da masu ciwo mai daɗewa a Amurka, majinyacin da likita zai ɗora a kan mofin ko oksikodon na tsawon watanni yakan fara ne da sa hannu a takardar yarjejeniya. A cikinta zai amince cewa likita ɗaya ne zai riƙa rubuta masa maganin, kanti ɗaya ne zai riƙa ba shi, kuma duk ranar da aka nemi ya ba da fitsari ko jini domin gwaji, zai bayar. Sakamakon wannan gwaji na iya zama dalilin ci gaba da ba shi magani, yana kuma iya zama dalilin tsayar masa da shi.

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda gwajin yake, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi, lokutan da jini ya fi fitsari amfani, da kuma wuraren da ake yin kuskure wajen karanta sakamakonsa. Batun ya shafi mai karatu a Najeriya ta fuska biyu: ana ta kiraye-kirayen wajabta gwajin ƙwaya ga 'yan siyasa da ɗalibai da masu shirin aure, alhali a asibitoci akwai masu sikila da masu ciwon daji da ke buƙatar irin waɗannan magunguna domin su iya runtsawa da dare.

Mene ne opiyod?

Opiyod suna ne da ya tattaro magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi waɗanda ke aiki a kan ƙwaƙwalwa da laka. Wasu daga ƙaron tsiron fofi ake samun su, kamar mofin da kodin. Wasu an sarrafa su ne daga abin da tsiron ke bayarwa, kamar oksikodon da haidirokodon da bufirenofin. Wasu kuma gaba ɗaya a masana'anta ake haɗa su, kamar fentanil da metadon da tiramadol da fentazosin, wanda matasa ke kira fenta. Ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Fentanil, alal misali, ya fi mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100.

Haɗarinsu mafi girma shi ne danne numfashi. Idan maganin ya yi yawa a jini, sashen ƙwaƙwalwar da ke tunatar da jiki ya ja iska yakan yi kasala, mutum ya yi barcin da ba ya farkawa. Haɗarin yana ninkuwa idan aka haɗa su da barasa ko magungunan barci irin su diyazifam.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne sabon jiki: duk wanda ya sha opiyod kullum na tsawon makonni, ko da bisa umarnin likita ne, jikinsa zai saba, kuma idan aka yanke masa maganin farat ɗaya zai yi gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Na biyu shi ne jaraba, wato mutum ya kasa riƙe kansa, ya ci gaba da neman maganin duk da ɓarnar da yake yi masa. Na farko abu ne da ake sa rai ga kowa. Na biyu cuta ce da ke buƙatar nata maganin.

Yadda Amurka ta kai ga wannan tsari

A tsakiyar shekarun 1990 likitocin Amurka suka shiga wani yanayi na ƙarfafa yaƙi da raɗaɗi, har aka riƙa ɗaukarsa a matsayin alama ta biyar da za a duba a jikin majinyaci, bayan zafin jiki da bugun jini da numfashi da hawan jini. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fitar da OxyContin, ya tallata shi a matsayin maganin da ba ya saurin jawo jaraba. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara kan wannan iƙirari, aka ci shi tarar kimanin dala miliyan 600. Duk da haka rubuta magungunan bai ja baya ba sai bayan 2012, shekarar da aka ba da takardun opiyod fiye da miliyan 255 a ƙasar.

Mace-mace suka biyo baya, da farko ta hanyar ƙwayoyin asibiti, daga baya herowin, sannan fentanil na bayan fage. A watan Oktoban 2017 gwamnatin tarayya ta ayyana matsalar a matsayin annobar da ke buƙatar matakin gaggawa. A 2021 kaɗai mutum fiye da 80,000 suka mutu a Amurka sakamakon opiyod.

A watan Maris na 2016 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da ƙa'idojin rubuta opiyod ga masu ciwo mai daɗewa. Ta ba da shawarar a gwada fitsarin majinyaci kafin a fara ba shi magani, sannan a duba yiwuwar maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Manufar gwajin guda biyu ce: a tabbatar maganin da aka rubuta yana jikin wanda aka rubuta wa, domin wasu kan karɓa su sayar, a kuma gano ko akwai wani abu dabam a jikinsa da zai iya haɗuwa da maganin ya kashe shi.

Jini, fitsari, yawu ko gashi?

Ana iya neman magani a abubuwa huɗu, kuma kowanne da irin labarin da yake bayarwa.

Fitsari shi ne aka fi amfani da shi. Yana da sauƙin karɓa, ba ya buƙatar allura, kuma ƙoda tana tara magani a cikinsa, don haka yawancin opiyod kan bayyana na tsawon kwana 1 zuwa 3 bayan sha. Rauninsa shi ne ana iya yi masa ha'inci: a tsarma shi da ruwa, a kawo na wani, ko a narka ƙwayar a cikinsa. Haka nan yawan maganin da ke cikin fitsari ba ya nuna yawan abin da aka sha, domin ya danganta da ruwan da mutum ya sha da ƙarfin ƙodarsa.

Jini yana nuna abin da ke yawo a jiki a daidai lokacin da aka ɗebe shi. Ma'aikacin lafiya ne ke ɗiba daga jijiya da hannunsa, don haka musanya shi na da wuya. Amma tagarsa gajeriya ce. Rabin mofin ɗin da ke jini yana barinsa cikin sa'o'i 2 zuwa 4, na tiramadol cikin kimanin sa'o'i 6. Ke nan wanda ya sha magani jiya da safe, ana iya neman sa a jininsa yau a rasa. Gwajin jini kuma ya fi tsada, yana buƙatar na'urori masu iya gano ɗan ƙanƙanin abu.

Yawu yana kusa da jini wajen gajartar lokaci, ana kuma karɓar sa a gaban ma'aikaci ba tare da shiga bayan gida ba. Gashi kuwa yana riƙe da tarihin kimanin kwana 90, amma ba ya faɗin abin da ya faru a makon da ake ciki.

Saboda haka fitsari ne ke amsa tambayar “me ya shiga jikin nan a 'yan kwanakin nan?”, jini kuma ke amsa tambayar “nawa ne a jikin nan yanzu?”.

Matakai biyu na gwaji

Mataki na farko shi ne gwajin tacewa. Shi ne wanda ake yi da ɗan tsinke ko kofi mai layuka, sakamako ya fito cikin mintoci. Yana aiki ne ta hanyar gane siffar magani, kuma an gina layin da aka saba gani a kan siffar mofin. Don haka yana kama mofin da kodin da herowin sosai, yana iya kuskure oksikodon, kuma ba ya ganin fentanil ko metadon ko tiramadol ko bufirenofin sai idan an sa musu nasu layin na musamman.

Gwajin tacewa yana kuma iya nuna abin da babu. An tabbatar cewa rifamfisin, wanda ake ba masu tarin fuka, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofloksasin da lebofloksasin, suna iya sa layin opiyod ya nuna alama. Haka ma 'ya'yan fofi da Turawa ke barbaɗawa a kan burodi, domin suna ɗauke da ɗan mofin da kodin na gaske. Saboda su ne a 1998 Amurka ta ɗaga mizanin gwajin ma'aikatan gwamnati daga nanogiram 300 zuwa 2,000 a kowace mililita ta fitsari. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. A 2023 ma ma'aikatar tsaron ƙasar ta gargaɗi sojojinta su guji cin abinci mai 'ya'yan fofi.

Mataki na biyu shi ne gwajin tabbatarwa, wanda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje da na'urorin da ake kira LC-MS/MS ko GC-MS. Waɗannan suna rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, su auna nauyin kowanne, su faɗi sunansa da adadinsa. Sakamakon kan ɗauki kwanaki. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, duk sakamakon tacewar da ya zo da ba-zata, kuma majinyaci ya musanta, ba a gina hukunci a kansa sai an tabbatar.

Sawun magani a jiki

Idan magani ya shiga jiki, hanta kan sarrafa shi ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai. Waɗannan su ne sawunsa, kuma wanda bai san su ba zai yi wa sakamako gurguwar fahimta.

Kodin yana rikiɗa ya zama mofin, don haka ganin mofin a jikin mai shan kodin ba laifi ba ne. Oksikodon yana barin oksimofon da noroksikodon. Haidirokodon yana barin haidiromofon. Herowin yana bi ta wani sinadari mai suna 6-MAM kafin ya zama mofin, kuma wannan sinadarin ne hujjar da ke bambanta herowin da mofin na asibiti, sai dai 'yan sa'o'i kawai yake yi kafin ya ɓace. Metadon yana barin EDDP. Idan aka ga metadon mai yawa a fitsari amma babu EDDP, alama ce cewa maganin bai bi ta hanta ba, wato mai yiwuwa an zuba shi ne a cikin kofin.

Ba kowace hanta ke aiki iri ɗaya ba. Akwai wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6, wanda shi ke mayar da kodin mofin, shi ke kuma fito da ƙarfin tiramadol. Gado ne ke tsara saurinsa. Tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa kusan ba ya aiki a jikinsu, don haka kodin ba ya rage musu raɗaɗi, sai a zaci ƙarya suke yi idan suka ce bai yi musu amfani ba. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda nasu ke gudu fiye da kima, har ƙwayar da ta dace da kowa ta zame musu guba. Wani bincike da aka wallafa a 1996 ya sami irin waɗannan har kashi 29 cikin ɗari na mutanen Habasha da aka gwada. Bayan mutuwar wasu yara da aka ba kodin bayan tiyatar maƙogwaro, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2013, sannan a 2017 ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol. Ana iya gano irin CYP2D6 ɗin mutum ta gwajin ƙwayoyin halitta daga jini ko yawu.

Lokutan da jini ya fi dacewa

Akwai yanayin da likita ke barin fitsari ya nemi jini.

Na farko, majinyacin da ba ya yin fitsari, kamar wasu masu wankin ƙoda, ko wanda wata lalura ta hana shi bayarwa.

Na biyu, idan ana zargin an taɓa fitsarin, ko sakamakonsa ya saɓa wa abin da likita ke gani a jikin majinyaci.

Na uku, idan ana shakkar ko maganin yana shiga jini yadda ya kamata, kamar ga wanda aka yanke wa wani sashe na hanji ko tumbi, ko wanda aka manna wa filastar fentanil a fata amma raɗaɗi bai ragu ba.

Na huɗu, masu shan metadon. Wannan magani yana da wuyar sha'ani, domin lokacin da rabinsa ke ɗauka kafin ya bar jini ya kama daga sa'o'i 8 zuwa 59, gwargwadon mutum. Ana ɗibar jini dab da lokacin shan magani, a sake ɗiba bayan sa'o'i 2 zuwa 4. Idan na biyun ya ninka na farko fiye da sau biyu, alama ce cewa jikin yana saurin ƙone maganin, sai a raba masa shi gida biyu a rana. Rifamfisin, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki irin su efabirenz da nebirafin, da wasu na farfaɗiya, duk suna rage metadon a jini. Juna biyu ma, musamman a watannin ƙarshe, tana yin haka.

Na biyar, shari'a. A Ingila da Wales, tun watan Maris na 2015, doka ta sa iyakar maikrogiram 80 na mofin da 500 na metadon a kowace litar jini ga mai tuƙa mota. Amma dokar ta ba da kariya ga wanda likita ya rubuta wa maganin, ya sha yadda aka ce, kuma tuƙinsa bai gurɓata ba.

A ɗakin agajin gaggawa kuwa ba a jiran gwaji. Wanda aka kawo a sume, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, nan take ake ba shi naloksun, maganin da ke karya aikin opiyod cikin mintoci.

Gwajin da ke duba lafiyar mai shan maganin

Akwai wani rukunin gwajin jini da bai shafi zargi ba, kuma sau da yawa shi ya fi amfani ga majinyaci.

Ƙoda: hanta tana mayar da mofin wasu sinadarai biyu da ƙoda ke fitarwa. Idan ƙoda ta yi rauni sai su taru, su jawo magagi da zabura da danne numfashi. Don haka ake auna kiriyatinin kafin a fara, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari da masu sikila.

Hanta: ƙwayoyi da yawa suna haɗe da farasitamol, wanda bai kamata baligi ya wuce giram 4 nasa a rana ba. Wanda ya riƙa ƙara ƙwaya domin neman ƙarfin kodin yana iya lalata hantarsa da farasitamol ɗin da ke ciki.

Sinadaran jiki: daɗewa a kan opiyod yana rage testosteron ga maza, yana rikita al'adar mata, yana kuma iya rage kotisol, wanda rashinsa ke kawo kasala da jiri da faɗuwar hawan jini. A watan Maris na 2016 FDA ta umarci a rubuta waɗannan haɗura a takardar kowane opiyod.

Zuciya: metadon yana iya rikita bugun zuciya, don haka ake haɗa gwajin ECG da auna fotasiyam da magniziyam.

Sukari da gishiri: tiramadol yana iya rage sukarin jini da gishirin jiki, baya ga jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan aka wuce miligiram 400 a rana.

Barasa: gwajin jini mai suna PEth yana nuna shan barasa na makonni 2 zuwa 4 da suka wuce.

Abin da gwajin ba zai faɗa ba

Babu wani adadi na mofin a jini da za a ce shi ne daidai ga kowa. Mai ciwon daji da ya shekara yana shan magani yana iya tafiya da ƙafarsa yana hira da adadin da zai kashe wanda bai taɓa sha ba. Saboda haka lamba kaɗai ba ta nuna maye, ba ta nuna jaraba, ba ta kuma auna raɗaɗin da mutum ke ji.

Rashin ganin magani shi ma yana da fassara fiye da ɗaya. Mai yiwuwa an sayar da shi. Mai yiwuwa raɗaɗi ya tsananta, majinyaci ya shanye na wata guda cikin mako uku. Mai yiwuwa kuɗin saye ne ya yanke, ko kantin ne babu kaya, ko yana sha ne kawai idan ciwo ya taso. Mai yiwuwa kuma gwajin da aka yi ba ya ganin irin wannan magani tun asali. Kowace daga cikin waɗannan tana buƙatar mataki dabam, kuma babu mai rarrabe su sai zama da majinyaci a tambaye shi.

Hujjar cewa gwaji yana rage ɓarna ma ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a kan batun, wanda mujallar Annals of Internal Medicine ta wallafa a 2010, ya kammala cewa hujjojin da ke goyon bayan takardar yarjejeniya da gwajin fitsari masu rauni ne.

Kuɗi, haƙƙi da wariya

Gwajin ya zama kasuwa a Amurka. Wani binciken 'yan jarida na Kaiser Health News a 2017 ya ƙiyasta cewa kuɗin da ake kashewa kan gwajin fitsari da na ƙwayoyin halitta masu alaƙa da shi ya ninka sau huɗu tsakanin 2011 da 2014, ya kai kimanin dala biliyan 8.5 a shekara. A 2015 kamfanin Millennium Health ya amince ya biya dala miliyan 256 domin kashe zargin da ma'aikatar shari'a ta yi masa na cajin gwamnati kuɗin gwajin da ba a buƙata, da kuma bai wa likitoci kofunan gwaji kyauta domin su riƙa turo masa aiki. A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta haramta biyan la'ada domin turo majinyata zuwa ɗakunan gwaje-gwaje.

Akwai kuma tambayar wanda ke da ikon ganin sakamako. A 2001, a shari'ar Ferguson da birnin Charleston, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa asibitin gwamnati da ya riƙa gwada fitsarin mata masu juna biyu ba tare da yardarsu ba, yana miƙa sakamakon ga 'yan sanda, ya keta tsarin mulki. Haka nan hukunci ba ya faɗawa kan kowa daidai: wani bincike da aka wallafa a 2018 kan tsofaffin sojoji ya nuna cewa idan gwaji ya nuna haramtacciyar ƙwaya, an fi saurin tsayar wa baƙaƙen fata maganinsu a kan fararen fata.

Tsayar da magani kuwa yana da nasa gawarwakin. Bayan ƙa'idojin 2016, jihohi da kamfanonin inshora da asibitoci da dama suka mayar da shawara ta zama doka, aka yanke wa dubban majinyata magani cikin gaggawa. Wasu suka koma kasuwar bayan fage, inda fentanil ke jiran su. A watan Afrilun 2019 FDA ta yi gargaɗi kan yanke magani farat ɗaya, bayan rahotannin tsananin raɗaɗi da na mutanen da suka kashe kansu. Wani bincike kan tsofaffin sojoji da mujallar BMJ ta wallafa a 2020 ya sami ƙarin haɗarin mutuwa bayan tsayar da maganin. A watan Nuwamban 2022 CDC ta sabunta ƙa'idojinta. Yanzu tana cewa likita ya auna amfani da illar gwajin, ya bayyana wa majinyaci dalilinsa tun kafin a yi, kuma kada ya kori kowa daga asibiti saboda sakamakonsa.

Inda batun ya taɓa Najeriya

Matsalar Najeriya ba ta yawan rubuta magani a asibiti ba ce kamar ta Amurka. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya Mai Yaƙi da Ƙwayoyi da Laifuka, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan opiyod ba bisa umarnin likita ba, akasari tiramadol. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol da NAFDAC ta amince da shi na miligiram 50 da 100 ne, amma wanda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa yakan kai 200 ko 225.

A lokaci guda kuma asibitoci na fama da ƙarancin mofin. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci kusan kashi 1 cikin ɗari kacal suke samu na mofin da makamantansa da ake rarrabawa domin jinya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar kimanin jarirai 150,000 masu ɗauke da cutar a kowace shekara. Da yawansu allurar fentazosin ake yi musu idan ciwo ya taso, likitoci kuma sun sha ba da rahoton waɗanda suka kamu da jarabarta, har gyambuna suka fito musu a wuraren da suke yi wa kansu allura. Waɗannan su ne mutanen da sa ido na gaskiya zai amfana: a duba ƙodarsu da hantarsu, a tsara musu magani, a lura da wuri idan sabo ya fara komawa jaraba.

Amma gwajin da ya fi tashe a ƙasar na tantancewa ne. A Kano an sa 'yan takarar zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 su yi gwajin ƙwaya a hannun hukumar NDLEA, kuma shugaban hukumar, Buba Marwa, ya sha kiran a faɗaɗa shi zuwa ga masu neman muƙamai da ɗalibai da masu shirin aure. Duk abin da aka bayyana a sama ya shafi wannan tsari. Ɗan takarar da ke shan maganin tarin fuka yana iya faɗuwa gwajin tacewa ba tare da ya taɓa wata ƙwaya ba. Ɗaliba mai sikila da aka ba kodin jiya za ta iya nuna mofin. Wanda ke shan abin da babu layinsa a kan tsinken kuwa zai wuce lami lafiya.

Don haka duk inda aka kawo dokar gwaji, a asibiti ko a jami'a ko a hukumar zaɓe, akwai tambayoyi biyar da ya kamata a nemi amsarsu a rubuce. Waɗanne magunguna ne gwajin ke gani? Idan ya nuna alama, a wane ɗakin gwaji za a tabbatar, kuma wa zai biya? Shin ana tambayar mutum magungunan da likita ya rubuta masa kafin a karɓi jininsa ko fitsarinsa? Su wa za su ga sakamakon, kuma har yaushe za a ajiye shi? Wanda aka tabbatar yana da jaraba, ina za a kai shi ya sami magani?

Majinyacin da ke kan opiyod shi ma yana da abin yi. Ya riƙe takardar likitansa, ya faɗi duk abin da yake sha har da na gargajiya, ya rubuta lokacin da ya sha na ƙarshe kafin a ɗebi jini, kuma kada ya tsayar da maganin da kansa farat ɗaya. Idan sakamako ya zo saɓanin abin da ya sani, ya nemi a yi gwajin tabbatarwa a kan samfurin da aka riga aka karɓa, domin wanda za a ɗiba gobe ba zai nuna abin da ke jikinsa jiya ba.